Wa ya kamata ya riƙe ragamar intanet? Abin da aka tattauna a Samaru

Ɗalibai da masu sayar da data sun yi zama a Samaru kan daidaiton intanet, wato kamfanin waya ya bar kowane shafi ya buɗe da gudu ɗaya, ba fifiko.

An fi daɗewa kan garaɓasar data. Akwai tsarin da ke ba ka WhatsApp da Facebook da araha, amma da ka nufi shafin jami'a don duba sakamako, sai ka ga data ta ƙare. Wata mai sayar da atamfa ta ce ita hakan ya ishe ta, cinikinta duk a WhatsApp yake. Ɗalibai dai an ba su shawarar su sayi data gama-gari ko da kaɗan ce, kuma na yarda da hakan. An tuna cewa Indiya ta hana Free Basics na Facebook, tsarin da ke buɗe wasu zaɓaɓɓun shafuka kyauta, a 2016 saboda wannan fifikon.

Wasu suka ce gwamnati ta karɓe komai. Nan muryoyi suka tashi, domin ba a manta da dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ba, da katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Kaduna a 2021. Yawanci sun tsaya kan cewa NCC, hukumar kula da harkokin sadarwa ta Najeriya, ta sa ido kan kamfanoni, kotu kuma ta sa ido kan gwamnati.

Duk wanda aka cuta, ya kamata ya fara kai kuka ga kamfanin layinsa, ya ajiye lambar ƙorafin, in ba a biya masa buƙata ba ya kira NCC a 622, kyauta ne.