Muhawara a zauren ƴan Damagaram: wane ne ubangida?

Ɗan Garin Malam: Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ƙanena ya yi shekara shida yana sauke buhuna a siton wani babban ɗan kasuwar hatsi a kasuwar Dole, wanda ba zan ambaci sunansa ba. A watan jiya buhun gero ya zamo daga saman kamyo ya karya masa ƙafa. Ubangidan nasa ya aiko yaro da jaka 42, wato mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta yanka tun Janairun 2024, ya ce ya sauke nauyinsa, tunda yana biyan patanti da haraji kuma babu takarda tsakaninsu. Yanzu ƙanen nawa yana kwance a kan tabarma da karan ɗori a ƙafa, matarsa tana suyar ƙosai a ƙofar gida. Ina cewa mai dukiyar da bai san wani nauyi ba sai riba da abin da doka ta tilasta masa bai cancanci girman da muke ba shi ba.

Alhaji na Dole: Allah ya ba shi lafiya. Amma ɗana, ka yi kuskure da ka ce ubangida. Wanda ake biyansa a kan kowane buhu da ya sauke ɗan dako ne, yau yana sitona, gobe yana siton maƙwabcina, kuma ba a kiran wanda ya ba shi aikin yini ubangidansa.

Mushe mai ritaya: Alhaji, ku yi haƙuri, shekara shida a ƙofar sito guda ba aikin yini ba ne. A al'adarmu ubangida shi ne wanda yaro yake zaune a ƙarƙashin inuwarsa, ya ciyar da shi, ya yi masa aure, ya yi masa ragon suna, in ya daɗe ya sallame shi da jari ya kafa nasa teburin. Ƴan kasuwar yau suna son a durƙusa a ce musu ranka ya daɗe irin na da, amma in ciwo ya zo sai su koma bayan dokar Nasara su ce babu takarda.

Hajiya ta Zango: Mushe ya faɗi gaskiya. A unguwarmu Malam Yaro ya zauna, attajirin da fataucinsa ya kai har Tarabulus kafin Faransawa su kama garin nan a 1899, kuma iyayenmu sun ce irin waɗannan gidaje ba a rufe ƙofarsu lokacin cin abinci. Wannan shi ne ubangida.

Ɗan Birni: Hajiya, ku daina yi mana ado da tarihi. Fataucin wancan zamani har da bayi a cikin hajarsa, saboda haka kada a kawo mana shi a matsayin ma'aunin tausayi. Kuma ubangida na ainihi a Damagaram a Birni yake, a fada, ba a Zangon baƙi ba.

Hajiya ta Zango: Ƙanena, baƙin da kake rainawa su ne suka cika rumbun fadar da kake taƙama da ita.

Malamin zaure: Jama'a, kalmar ubangida ba ta da hukunci a shari'a. Abin da ya wajaba a kan mai dukiya shi ne zakka, ɗaya bisa arba'in na kuɗin da ya kai nisabi ya shekara, da cika ma ma'aikaci ladansa. Abin da ya wuce wannan ihsani ne, ana yabon mai yinsa.

Mushe mai ritaya: Malam, ihsanin ne muke nema. Kuma ko ta fuskar doka, da an rubuta yaron a CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, da asusun ne zai ɗauki nauyin hatsarin aiki. Rashin takardar da ake fakewa da shi laifin wa ne?

Alhaji na Dole: Mai cin fansho ba ya sanin zafin kasuwa. Lokacin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa mana takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyakar Najeriya wata da watanni, mu ne muka ci gaba da ciyar da yaranmu alhali babu ciniki. Ban ga wanda ya zo zauren nan ya ce mana sannu ba.

Ɗan Birni: Ashe yaranku ne, Alhaji? Ɗazu kun ce ƴan dako ne.

Shugaban zaure: Za mu tsaya nan. Ni ma ɗan kasuwa ne, amma zan taƙaita tsakani da Allah. An fahimci cewa kalmar ubangida ba ta hau wannan lamari ba, kamar yadda Alhaji ya bayyana da hujja, Malam kuma ya tabbatar cewa wajibi zakka ce kawai. Ƴan kasuwarmu suna iya ƙoƙarinsu a cikin mawuyacin hali. Maganar Birni da Zango kuwa, kada a sake ɗauko ta.

Ɗan Garin Malam: Shugaba, a taƙaitawar taku ban ga inda aka ambaci ƙafar ƙanena ba. Mai ɗori zai dawo ranar Alhamis, kuma jaka 42 ɗin ta ƙare tun makon jiya.