Sallar Ikko da Sallar gida

Gwaggo Asabe: Assalamu alaikum. Yau sai na faɗi abin da ke raina, mai jin haushi ya ji. Jiya bayan an sauko daga Idi na zaga gidajen 'ya'yanmu huɗu, daga Idi-Araba har Agege, ba inda aka ajiye mini tuwo. Ko'ina jallof ce a 'yar roba, wani gidan ma sayowa aka yi. Lokacin da Inna ke raye, tun jajibere ake jiƙa shinkafar waina, da asuba tanda na kan wuta, kafin maza su dawo an kwashe tuwon shinkafa da miyar taushe mai kabewa da gyaɗa, yara na ta kai kwanuka maƙwabta. Alkaki da dubulan da nakiya kuwa tun saura mako ake gama su. To wa zai koya wa jikokinmu? Wallahi Sallar nan ba ta kama ƙafar ta gida ba.

Sani: Wa alaikumus salam Gwaggo. Allah ya ƙara girma, amma ina ne gida? Ni a Agege aka binne cibiyata, a nan aka haifi Baba.

Kawu Ɗanladi: Gida Kano mana, har sai an tambaya? Nan wurin nema ne. Shekara 28 ina Mile 12 ina sauke tumatir da albasa, ban taɓa kiran nan gida ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sani: Kawu, kai zuwa ka yi. Kakanmu fataucin goro ne ya kawo shi Agege, kuma tun 1912 jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano. Kafin wannan ma akwai Hausawa sojojin Gwamna Glover, Baturen da ya mulki Ikko, waɗanda daga baya aka zaunar a Obalende. Mutanen da suka haura shekara 100 a wuri, da masallatansu da maƙabartarsu da sarkinsu, har yanzu baƙi ne?

Kawu Ɗanladi: Sarkin Hausawa dai ake cewa, ba sarkin gari ba. Ka taɓa ganin hawan Daushe? In ba ka tsaya a ƙofar fada ka ga dawaki suna jahi ba, ba ka san Sallah ba tukuna.

Bilkisu: Kawu, kullum haka ake mana. Mu je Kano a ce ga 'yan Legas masu gurɓatacciyar Hausa, mu dawo nan a ce mu koma garinmu. Yanzu cikin dangi ma ba mu tsira ba.

Maman Walid: Gwaggo, na san da ni ake, ni ce na sayo jallof ɗin. Ɗaki biyu gare mu a bene, murhun gas ɗaya, mai gidan haya ya hana hura itace a tsakar gida. Inna tana da kishiyoyi da matan 'ya'ya, hannu ya fi goma. Ni kaɗai ce da yara uku, ga rago an yanka, ga damshin garin nan, ga wuta ba ta tsayawa. A Arewa ne ake rataye rago ya kwana a sha iska, a nan ka gwada ka gani da safe. Dole na fara da suya. Amma ko da haka na yi masa da daddare, ba ki dawo ba ne.

Kawu Ɗanladi: Waina ake cewa.

Maman Walid: Mu a Bauchi masa muke cewa Kawu, kuma kowa ya san masar Bauchi.

Auta: Anti ta yi gaskiya, masar Bauchi ta fi wainar Kano laushi nesa ba kusa ba 😋

Kawu Ɗanladi: Kai da ba ka taɓa wuce Ibadan ba, a ina ka ci ta Kano?

Auta: A Agege mana, wajen matan da Kanawa ne.

Bilkisu: Kuma ita jallof ɗin da ake ta zagi, ba dafa-duka ba ce? Inna ma tana yi.

Gwaggo Asabe: A'a Bilki, kar ki yi wa mamaciya ƙarya. Dafa-dukar Inna da man ja da daddawa da busasshen kifi take, ba wannan jan abin mai tumatirin gwangwani ba. Kuma ba ta taɓa yin ta ranar Sallah ba.

Sani: Ni na tuna maƙwabciyarta Bayarabiya tana aiko mata da amala da ewedu ranar Babbar Sallah da suke kira Ileya, ita kuma ta rama da tuwo da cinyar rago. Ta ci, mun ci. Wannan ma Sallar gida ce, gidanmu na Agege.

Kawu Ɗanladi: Ka ji ko? Daga amala aka fara, shi ya kawo mu inda muke.

Bilkisu: Subhanallah, Kawu. Mahaifiyata fa Bayarabiya ce, kuma ita ta koya mini dambun nama, ita ke ajiye jelar rago har daren cika-ciki a Muharram. Cikin matan Kano na gidan nan wa ya ajiye bara?

Maman Walid: Ba wanda ya ajiye, sai dai a yi shiru.

Kawu Ɗanladi: Ba da mahaifiyarki nake ba, mutuniyar kirki ce. Amma ragon da Sani ya yanka ma daga ina aka kawo shi Alaba Rago? Daga Arewa a tirela. Rago ma ya san gida.

Sani: Kuɗin da aka saye shi da su kuma a Ikko aka samo.

Baba Malam: Ya isa haka, ranar farin ciki ce. Na karanta duka tun daga sama. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda asali ba ya ɓata, gida Kano ne, kuma Ɗanladi ya kawo hujjoji masu ƙarfi. Sani ya yi ƙoƙari da tarihinsa, amma yaro bai kamata ya riƙa ja da kawunsa haka ba. Batun waina kuwa waina ce sunanta. Baɗi in Allah ya kai mu, duk mai hali ya kai iyalinsa gida su ga Sallah.

Bilkisu: Baba, mutum ɗaya ne fa ya yarda.

Gwaggo Asabe: Ni ban ce a tafi Kano ba. Tandar Inna na nan a ƙarƙashin gadona, ga turminta. Na tambaya wa zai zo ya koya, har yanzu ba wanda ya amsa mini.