Sabon moto na tsere a hanyoyin Tawa: baya ne zai gaji ko amortisa?

Mai tambaya, Tawa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na ga wani ƙaramin moto na tsere a Yamai, cc 150, irin mai rufin roba da amortisa (abin da ke shanye gargada) guda a baya. Na ɗan zaga da shi kan kwalta, wallahi kamar ana tafiya kan tabarma. To amma ni ba kan kwalta kaɗai nake rayuwa ba. Ina zuwa Ƙonni kusan kowane mako, wani lokaci in shiga ƙauyukan wajen Keita. Wanda ya taɓa riƙe irinsa a nan Adar ya gaya mini gaskiya kafin in zuba kuɗina.

Malamin makaranta, Badagishiri: Wa alaikumus salam ƙanena. Shekara guda ke nan ina kan irinsa. Zagayen minti biyar a gaban mai sayarwa ba ya nuna komai. A satin farko na yi zaton amortisa ce ke kashe ni, ashe zaman ne. Hannun moton yana ƙasa, wurin sa ƙafa ya ja baya, sai ka duƙa, nauyinka ya koma kan wuyan hannu. In kana gudu iska na ɗan tallafe ƙirji. Cikin gari kuwa, tsakanin jakuna da amalanke, babu mai tallafe ka. Kafin in kai Tsarnawa sai na tsaya na miƙe. Da na koyi matse tanki da gwiwa in saki hannu, abin ya ragu. Bai tafi duka ba.

Makaniki, Yamai: Malam ya faɗi rabi. Ga sauran. Mutane na danna moto a shago, in ya lotsa su ce yana da daɗi. Laushi daban, kyau daban. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi, man da ke ciki kuma shi ke hana shi yin tsalle bayan ya lotsa. Danna gaba da ƙarfi ka saki: in ya dawo sau ɗaya ya tsaya, lafiya. In ya yi ta rawa, za ka sha wuya a gargada.

Sannan irin waɗannan motocin, amortisar gaba ba ta lotsawa fiye da santimita 12 zuwa 13, tayarsu inci 17. Moton daji kuwa tayarsa ta gaba inci 21 ce, lotsawarsa ta kan wuce santimita 20. Ramin da wancan zai haɗiye, wannan ƙugunka zai miƙa wa. A amortisar baya akwai zobe mai hawa-hawa da ake juyawa da makulli don matse sifirin ko sassauta shi. Ana so in ka zauna, moto ya sauka kamar kashi ɗaya cikin uku na lotsawarsa, wajen santimita 3 zuwa 4. Da yawa har su sayar da moton ba su san da zoben nan ba.

Ɗan Wadata: Ni abin da ya same ni ya fi ban dariya. Wata biyu ina zagin moton, ina cewa katako na saya. Ashe mai faci ne ke ɗura mini iska har taya ta koma dutse, da ɗan yatsa yake gwadawa. Na sayi ma'auni, na mayar da ita yadda aka rubuta a jikin moto, wajen bar 2. Kamar an canza mini wani.

Uwargida, Tawa: Ku maza kuna ta maganar mai tuƙi. Ku tambayi wadda ke baya mana. Wurin zaman ɗan mitsitsi ne, a sama kamar an ɗora ki kan katanga, ba wurin riƙewa na kirki, da zane kuwa sai addu'a. Ranar da maigida ya kai ni biki a kai, da kabu-kabu na dawo. Boxer dai ba ta da kyan gani, amma shimfiɗarta ta ɗauki mutum da kayansa.

Makaniki, Yamai: Hajiya ta yi gaskiya, kuma in za a ɗauki mutum a ƙara matse zoben, in ba haka ba amortisa ta dinga bugun ƙarshe. Wani abu kuma: ƙurar hunturu. Tana manne wa sandunan gaba, ta cinye robar da ke riƙe mai. A irin amortisar da aka kifa, mai kauri a sama, man da ya tsiyaye birki yake nufa. Goge sandunan kullum da tsumma. Kada kuma a yarda a zuba maka man inji a ciki, nata daban ne.

Ɗan kasuwar albasa, Galmi: Nawa na sayar. Kan kwalta ba ni da ƙorafi, a kwana yana zaune daram, abin da moton kabu-kabu ba ya yi. Amma dutsen Adar ya lanƙwasa mini janti, wato ƙarfen da taya ke kai, sau biyu, kuma na alminiyo ba kamar mai wayoyi ba ne da za a ɗaure a miƙe. Ga zafin inji da ke hura cinya a watan Afrilu. In Keita ce rabin tafiyarka, ɗan'uwa, ka sake shawara.

Mai tambaya, Tawa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Keita ba ta fi sau ɗaya a wata ba, kuma zan iya aron na yayana. Malam na Badagishiri, ranar Asabar zan bi ta wajenku. In ba damuwa ka ba ni naka in gwada a jar ƙasar bayan gari, mai a wuyana.

Malamin makaranta, Badagishiri: Zo da hular kwanonka, tawa ba ta aro ba ce.