Ƙazwa ce ko ba ƙazwa ba ce: muhawara kan hamstan da gashinsa ke zuba

Mai ƙorafi: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na zo da kuka ne kan masu sayar da dabbobin gida waɗanda ba sa tsoron Allah a sana'arsu. Na saya wa 'yata hamsta, wato ƙaramin dabban nan dangin ɓera mai guntuwar wutsiya da ke tara abinci a kumatu, kuma mai shagon ya rantse mini cewa lafiyarsa ƙalau. Ba a daɗe ba gashin bayansa da na ƙugunsa ya fara zuba, fatar ta bushe tana ɓarewa, yarinya kuwa sai kuka take yi. Da na koma wurinsa, cewa ya yi shi bai san zancen ba. Na tabbata mai ƙazwa ya sayar mini, kuma ina so kowa ya san irin cutar da ake yi wa jama'a.

Hajiya mai kiwon zomaye: Wa alaikumus salam. Ƙanena, Allah ya ba ka haƙuri, amma ƙazwa ba kalmar da ake jefawa haka kawai ba ce. Mu da muke fama da ita a jikin zomaye mun san kamanninta: ɓawo ne mai kauri a kunne da hanci da ƙafafu, ga susa ba dare ba rana har dabba ta ji wa kanta ciwo. Kai kuwa ba ka ambaci susa ba ko sau ɗaya. Ni a ganina abinci ne, domin na san yadda ake cika wa dabbobin nan kwano da gero da gyaɗa kawai a ce an ciyar da su.

Ɗalibin likitancin dabbobi: Hajiya, da girmamawa, abin da kika bayyana gaskiya ne a kan zomo, amma hamsta yana da nasa nau'in. Akwai wasu ƙananan ƙwari da ake kira Demodex, waɗanda ido ba ya iya gani, da suke zaune a fatar hamsta ko da yana da lafiya, kuma ba sa yin ɓarna sai lokacin da garkuwar jikinsa ta yi rauni saboda tsufa, ko wata cuta ta ciki, ko rashin abinci mai gina jiki. Alamarsu ita ce zubar gashi a baya da ƙugu tare da bushewar fata, kuma sau da yawa ba su zuwa da ƙaiƙayi mai tsanani. Saboda haka rashin susa bai kore ƙazwa ba. A batun abinci kuwa kina da gaskiya, domin an san cewa abincin da furotin ɗinsa bai wuce kashi 16 cikin 100 ba yana iya jawo zubar gashi. Ba wanda zai yanke hukunci daga cikin zaure sai likita ya kankaro ɗan ɓawon fatar ya duba a madubin ƙara girma.

Hajiya mai kiwon zomaye: Ɗana, tun kafin ka shiga makaranta nake ɗaukar zomo a hannuna. Abin da ba ya sa susa ba ƙazwa ba ne a wurinmu, ku kira shi da sunan da kuke so a aji.

Mai sayar da tsuntsaye: Ni na gode wa ɗalibi, domin da bakinsa ya wanke ɗan'uwanmu mai shago. Idan ƙwarin suna jikin kowane hamsta tun asali, ina laifin wanda ya sayar? Kullum mu ake ɗora wa laifi, alhali mutum zai kai dabba gida ya shimfiɗa mata garin katakon da ya kwaso a wurin kafinta, mai ƙura da ƙamshin mai, wanda shi kansa yana ɓata fata. Wasu ma tabon da ke kwatangwalon nau'in da ake kira hamstan Siriya suke gani, wurare biyu masu duhu a dama da hagu, waɗanda halitta ce da yake shafa warinsa da su, sai su taho da gudu suna cewa an cuce su.

Ɗalibin likitancin dabbobi: Alhaji, ban wanke kowa ba. Batun tabon kwatangwalo da na garin katako duka gaskiya ne, kuma shimfiɗar takarda marar tawada ta fi aminci, amma kada ka ɗauki rabin maganata ka bar rabi.

Malamar firamare: Ku yi mini afuwa in sa baki a matsayina na uwa. Kuna ta jayayya kan ƙazwa, ba wanda ya ambaci makero, alhali shi ma yana cinye gashi ya bar fata tana ɓarewa, kuma yana kama mutum daga dabba. Tunda yarinya ce ke wasa da shi, ya kamata ta rage ɗaukarsa, ta riƙa wanke hannu da sabulu, a kuma duba fatarta har a san abin da ke damunsa.

Wani mai kiwon awaki: Ko ƙazwa ce ko makero, magani ɗaya ne. A yi masa wanka a shafa baƙin mai, haka muke yi wa awaki.

Ɗalibin likitancin dabbobi: Don Allah, Kawu, kada kowa ya gwada wannan. Hamsta yana lashe jikinsa kullum, don haka duk abin da aka shafa masa zai ƙare a cikinsa, baƙin mai kuwa guba ne. Wankan ruwa ma yana wanke man da ke kare gashinsa ya jefa shi cikin sanyi. Da yashi mai tsabta marar ƙura yake gyara jikinsa. Idan ƙwarin ne, likita yakan ba da ibamektin, wato maganin kashe irin waɗannan ƙwari, bayan ya auna nauyinsa, domin dabbar da ba ta kai giram 200 ba kuskure kaɗan a ma'auni ya isa ya kashe ta.

Hajiya mai kiwon zomaye: To ai ibamektin ɗin nan shi muke yi wa zomaye tun da daɗewa ba tare da mun jira madubin kowa ba.

Mai ƙorafi: Jama'a, ni ƙorafin cuta na kawo, kun mayar da shi darasi. Ba garin katako na shimfiɗa ba, kuma ɗan'uwansa da suke keji ɗaya lafiyarsa lau, shi ne ma ƙarami. Wannan da ke ciwo babba ne tun ranar da na saye shi.

Mai sayar da tsuntsaye: Keji ɗaya! To magana ta fito. Hamstan Siriya ba ya zama da ɗan'uwansa idan ya girma, faɗa suke yi har da cizo da tsige gashi. Tun asalinsa a ramukan yankin Halab na ƙasar Siriya, inda wani masanin dabbobi mai suna Israel Aharoni ya tono uwa da 'ya'yanta a 1930, dabba ce mai zaman kaɗaici. Malam, kai ka haɗa su, ba mai shago ba.

Mai ƙorafi: Mai shagon ne ya saka mini su a keji ɗaya da hannunsa.

Ɗalibin likitancin dabbobi: A raba su yau, wannan ba ya jiran likita. Amma ku lura da cewa ya ce babba ne tun ranar saye. Hamsta shekara 2 zuwa 3 yake rayuwa, kuma zubar gashi ta fi yawa a tsofaffi, wani lokaci tare da ciwon ƙoda ko matsalar sinadaran jiki. Idan tsoho aka sayar masa a matsayin yaro, to ƙorafinsa yana da tushe ko da ba ƙazwa ba ce.

Hajiya mai kiwon zomaye: Alhamdu lillahi, yanzu kai da kanka ka ce ba ƙazwa ba ce.

Mai kula da zaure: Mun gode wa kowa, za mu tsaya a nan. Abin da na fahimta shi ne, ba a tabbatar da ƙazwa ba, kamar yadda Hajiya ta faɗa tun farko da gogewarta, kuma ya bayyana cewa wasu daga cikin irin waɗannan matsaloli daga kulawar gida suke tasowa, wato abinci da shimfiɗa da haɗa dabbobi biyu a keji ɗaya. Na yi shekaru ina hulɗa da masu shagunan nan, kuma ban ga dalilin ɓata musu suna ba. Muna shawartar ɗan'uwanmu ya raba kejin, ya gyara abinci, ya kai dabbar wurin likita idan ya ga dama. Daga yau duk wanda zai yi zargin an sayar masa da dabba mai ciwo sai ya haɗo da takardar likita, in ba haka ba za a goge saƙonsa.