Neman kalma kafin gobe: na'urar nan ta CERN da batun "girmanta"

Mai Shirin Kimiyya: Assalamu alaikum malamai. Gobe ƙarfe tara zan shiga ɗakin watsa shiri, kuma rubutun da nake fassarawa ya ce ATLAS ce "detector" mafi girma a CERN, cibiyar binciken ɓarɓashin zarra ta Turai. Da me zan kira ta? "Na'urar ganowa" ta yi min lami a baki.

Malamin Fiziya: Wa'alaikumus salam. Kafin suna, fara gyara "mafi girma" ɗin nan. ATLAS tsawonta mita 46, faɗinta mita 25, nauyinta tan 7,000. Takwararta CMS da ke can ɗaya gefen zoben CERN mai kilomita 27 da ake gwara ɓarɓashin zarra a cikinsa, mita 21 ce da 15 kacal, amma tan 14,000 take, saboda ƙarfen da aka lafta wa maganaɗisunta. In jiki ake dubawa ATLAS ce, in sikeli aka hau CMS ta ninka ta.

Dattijon Nahawu: Ku bar wahalar da kanku. Mabuɗi, ma'auni, madubi. Abin da ake gani da shi kuwa magani. Ita "na'ura" ai aron Larabci ce.

'Yar Zariya: Baba, Allah ya ba ka haƙuri, in ya ce "maganin ATLAS" a rediyo, za a yi ta bugo waya ana tambayar wace cuta yake warkarwa.

Dattijon Nahawu: 'Yata, karin sautin daban ne. Nawa duk sama yake tafiya, na ciwo kuwa yana sauka a tsakiya. Rediyo fa aka ce ba jarida ba, kunne zai raba su. Matsalarku 'yan boko, in kalma ba ta zo da ƙamshin waje ba sai ku raina ta.

Ɗan Damagaram: Ni tarko nake gani. Ku dubi IceCube a ƙuryar kudancin duniya: ƙanƙara ce kilomita guda ta kowace fuska, an zura mata idanun lantarki 5,160 a igiyoyi 86. To can wacece na'urar, ƙanƙarar ko igiyoyin? Tarko ya rufe duka.

Malamin Fiziya: Tarko riƙewa yake yi. Nutirino kuwa, wato ƙananan ɓarɓashin da IceCube ke nema, kusan dukkansu ratsawa suke su wuce, sai jefi-jefi ɗaya ya yi karo, hasken karon ake gani.

Ɗan Damagaram: Da daga Kano shawarar ta fito da tuni an tafa.

'Yar Zariya: Wa ya ambaci Kano yanzu, don Allah?

Mai Shirin Kimiyya: Malamai, dare na yi. Ga wata kuma a sakin layi na uku: "fiducial volume".

Malamin Fiziya: Wannan ce ma ainihin awon da masu binciken ke ji da shi. Super-Kamiokande ta Japan, mai neman nutirino ita ma, tanki ne mai tan 50,000 na tsabtataccen ruwa, mita 1,000 a ƙarƙashin dutse. Amma shekara da shekaru tan 22,500 na tsakiya kawai suka yi ta lissafi da shi. A wannan lissafin, duk abin da ya faru ƙasa da mita 2 daga bangon ciki ba a yarda da shi, don dutse da gilashin idanun lantarkin da ke bangon na fitar da nasu burbushin da ke gurɓata awo. Wato sashen da aka amince wa.

'Yar Zariya: Ƙwaryar awo. Kamar ƙwaryar birni, can ciki, kuma ga awon a jikinta.

Dattijon Nahawu: Wannan kam Hausa ce, ban musa ba. Amma magani na nan, za ku dawo kansa.

Mai Shirin Kimiyya: Na ɗauki ƙwaryar awo. Ɗayar kuma gobe dai "na'urar gano ɓarɓashin zarra" zan ce, in ƙara da cewa ATLAS ta fi jiki, CMS ta fi nauyi. Baba a yafe ni.

Dattijon Nahawu: Kalma huɗu a gurbin ɗaya. Allah ya kai mu goben, zan saurara.