Waƙoƙin zamani ne ke lalata 'yan ƙwallo, ko dama can halin yana nan?

Kocin Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Shekara 11 ke nan ina horar da yara ƙwallo a nan Aboabo, Kumasi, amma abin da na gani ranar Asabar ya hana ni barci. Ina da yaro mai buga lamba 9, shekararsa 16, kakarsa ce ke riƙonsa da kuɗin koko da ƙosai. Ya ci ƙwallo mai kyau da ƙafar hagu. Maimakon ya ruga wajen 'yan uwansa, sai ya nufi bencin abokan karawarmu, ya haɗa yatsu biyu kamar bindiga, yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Alƙalin wasa ya ba shi katin gargaɗi, yaron ya zage shi, aka ɗaga masa ja.

Muna cikin trotro, motar haya, za mu dawo na zare abin da ke kunnensa na sa a nawa. Asakaa ce, waƙar zamani ta samarin Kumasi, kiɗan kamar ana dukan ƙofar ƙarfe. Na tambaye shi inda ya koyi wannan murnar, ya ce ai manyan 'yan wasa ma haka suke yi. Kuma bai yi ƙarya ba. Ga Ja Morant na ƙwallon kwando a Amurka, wanda aka dakatar wasa 25 a 2023 bayan ya nuna bindiga a Instagram yana cikin mota ana kiɗa. Shin waƙoƙin nan ne ke juya wa ƙwararru kai, su kuma su juya na yaranmu? Ina tunanin hana waya a sansaninmu gaba ɗaya.

Tsohon Mai Tsaron Gida:
Koci, sannu da fama. Amma ka yi mini haƙuri, na girme wa Asakaa nesa ba kusa ba. A zamaninmu hailaif muke ji, waƙar soyayya da kwalliya, kuma da idona na ga an kori alƙalin wasa daga fili har cikin kasuwa. Cantona na Manchester United da ya yi tsalle ya harbi ɗan kallo da ƙafa a filin Crystal Palace a 1995, wace waƙa ya ji? Ko abin kunyarmu na Ghana a gasar cin kofin duniya ta Brazil a 2014, da gwamnati ta aika dala miliyan 3 a jirgi, aka kuma kori Muntari da Boateng daga sansani kafin wasan Portugal. Wannan rigimar kuɗi ce da raini, babu ganga a ciki.

Maman Tagwaye, Asawase:
Baba, ban yarda da kai duka ba. Kuna maza kuna maganar fili, mu muna gida muna jin abin da ke fita daga bakinsu. Ɗana ya haddace waƙa guda cikin kwana biyu, izu ɗaya kuwa ya cinye masa wata uku a makaranta. Tun ranar da aka zare bindiga a kan dandali a bikin karrama mawaƙan Ghana na VGMA a 2019, ina kallo a talabijin, na daina cewa waƙa wasa ce. Yara sun gani, kuma sun ga ba a daɗe ba mawaƙan da suka yi rigimar suka koma cika fili da masoya.

Ɗan Nima:
Mama, da girmamawa, ni ma waƙoƙin nake ji kuma ban taɓa marin kowa ba. Ku dubi Kudus, ɗan wasan Ghana, ɗan unguwarmu Nima a Accra. Kiɗan da muka taso da shi a Nima, shi ma a cikinsa ya taso. Idan ya ci ƙwallo kujera yake nema ya zauna. Sau ɗaya zuciya ta ɗebe shi a wasan West Ham da Tottenham a Oktoban 2024, ya sha dakatarwar wasa 5. Mutum ɗaya, kunne ɗaya, to me ya bambanta ranar da sauran ranaku? Zafin wasa ne kawai. Abin da na fi tsoro shi ne yaro ya tashi daga cin gari da ruwa, cikin shekara biyu ya zama shi ke ciyar da gida. Daga nan wa zai tsawata masa? Kawun da ke jiran a turo masa kuɗin haya?

Kocin Aboabo:
Ɗan Nima, maganarka ta ƙarshe ta taɓa ni, don ni ma ban tsira ba. Watan jiya yaron nan ya makara atisaye sau uku na kau da kai, saboda shi ke ci mana ƙwallo. Wani da ke zaman benci ya makara sau ɗaya na sa shi zagaye fili goma.

Jiya bayan la'asar na je wajen kakarsa. Ta saurare ni har na gama tana juya ƙosai a mai, sannan ta ce wayar ma bashi ta ci ta saya masa, don an ce mata masu neman 'yan wasa bidiyo suke kallo yanzu. Ban iya cewa ta karɓe ba. Na dai ce ba zai buga wasa biyu masu zuwa ba, kuma shi zai riƙa ɗauko jarkar ruwa. Wasan Asabar da waɗanda ke saman tebur ne, kuma ba ni da wani lamba 9.