Neman shawara: Agusta ko Oktoba za mu kai Hajiyarmu Turkiyya?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku taimaka min, kaina ya kulle. Tun rasuwar Abbanmu Hajiya ta daina walwala, ko biki aka yi a dangi sai dai ta aika. Ni da Yayana muka haɗa kuɗi mu fita da ita ta sha iska. Matarsa ta dage sai Dubai, aka yi ta kai ruwa rana har muka kwana biyu ba ma gaisawa, kuma ita ce fa ko zaman asibiti ba ta taya mu ba lokacin jinyar Abba. Daga ƙarshe Hajiya da bakinta ta ce burinta ta ziyarci kabarin Abu Ayyub al-Ansari (RA) a Istanbul, ta kuma ga tekun Bahar Rum. Sai muka tsara Istanbul, daga nan Antaliya. To maigidana a Agusta kaɗai yake samun hutu, lokacin ne kuma yara suke gida. Yaya ya ce sam, sai Oktoba. Hajiya tana da hawan jini da ciwon gwiwa. Wane lokaci ya fi?

Alhaji Mai Dogayen Riguna: Wa alaikumus salam. Hajiya, cire Agusta daga ranki. Ni a unguwar Laleli ta Istanbul nake saro kaya, ba labari aka ba ni ba. A Yuli da Agusta zafin Antaliya yana kai digiri 34, wata rana ya haura 40, ga danshin teku, zufa ba ta bushewa a jiki. Lokacin makarantun Turkiyya suna hutu, Rashawa da Jamusawa sun cika otal-otal, farashi ya tashi. A ƙarshen Yulin 2021 ma gobarar daji ta ci yankin Manavgat, nan gefen Antaliya. Oktoba kawai.

Maman Ilham: Alhaji na gode, amma mu fa 'yan Sakkwato ne. Wanda ya sha zafin Afrilu a nan har wani zafi zai ba shi tsoro?

Alhaji Mai Dogayen Riguna: Naku busasshe ne, ki shiga inuwa ki sami sa'ida. Kuma a gida Hajiya ba ta bin layi. Ki je bakin masallacin Aya Sofiya na Istanbul da hantsi a Agusta ki ga layin da ya miƙe a rana. Fadar Topkapi kuwa, inda aka ajiye kayan tarihin da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW), tafiyar ƙasa ce mai yawa a kan duwatsu. Ranar Talata a rufe take, babbar kasuwar Istanbul mai rufi (Grand Bazaar) kuma ba ta ci ranar Lahadi. Ki rubuta ki ajiye.

Ummu Sudais: Ni dai ku yi hattara da masu harkar biza. Wani ya karɓi kuɗinmu da fasfo, wata huɗu muna zarya ofishinsa, kullum "gobe in sha Allah". Har hutun yara ya ƙare ba mu je ko'ina ba, rabin kuɗin ma har yau shiru. Allah ya isa.

Ɗalibi a Ankara: Anti, Alhaji ya haɗa garuruwan biyu wuri ɗaya. Istanbul a Agusta ba ta cika wuce digiri 29 ko 30 ba, da yamma kuma iska tana kaɗawa a bakin ruwa. Antaliya ce matsalar. In Agustan ya zama dole, ku tsaya Istanbul, ku je masallacin Eyup, inda kabarin Abu Ayyub yake, bayan sallar asuba kafin jama'a su taru, ku shiga jirgin ruwa a mashigin Bosforus. In kuma Bahar Rum ɗin ake so, daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba ya fi, zafi ya sauka, ruwan tekun kuma bai huce ba.

Alhaji Mai Dogayen Riguna: Yaro, kai da ƙafarka kake lissafi. Istanbul duk tudu da gangare ce. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ko digiri 28 ne sai ta jigata.

Anti Malama: Ni a Afrilu na je kuma ban ga kamarsa ba. Furannin tulif sun buɗe a lambun Emirgan na Istanbul, ja da rawaya har iya ganinka, sanyi kaɗan, suwaita ɗaya ta ishe ni. Sai dai ruwan tekun da sanyi, an kuma yi mana ruwan sama. Ƙanwata, tunda Hajiya kallon teku za ta yi ba wanka ba, me zai hana ku jira Afrilu?

Baban Walid: Wannan kuɗin ku kai ta Umara mana, ta yi wa mijinta addu'a a Harami.

Maman Ilham: Malam, ta yi Hajji ta yi Umara, wannan ita ta zaɓa. Anti Malama, Afrilu ya yi nisa, ba ku ga yadda ta rame ba. Kuma in aka ce Oktoba ni ce ba zan je ba, ba zan bar yara suna makaranta ba. Wa zai kula da shan maganinta? Matar Yaya? Otal ɗin da na gani a Alanya, wani gari na bakin teku a yankin Antaliya, akwai na'urar sanyaya ɗaki da wurin wanka na mata zalla, ba sai ta fita da rana ba.

Maman 'Yan Biyu: Wallahi na fahimce ki. Ni ma matar wana ta raba ni da shi, ko taron sunan ɗansu a bakin maƙwabta na ji.

Alhaji Mai Dogayen Riguna: Alanya daga filin jirgin Antaliya tafiyar kusan awa biyu ce a mota. A ɗauko dattijuwa tun daga Sakkwato don a kulle ta a ɗaki? Oktoba na ce.

Ɗalibi a Ankara: Anti, kun tuntuɓi likitanta kuwa? Kuma bizar ta fito? In ba ku ma nema ba, Agustan na iya kuɓuce muku.

Maman Ilham: Likita sai ranar Alhamis. Zan sake kiran Yaya da daddare, in ya ɗauka.

Ummu Sudais: Ba ki ba da amsar biza ba. Wa kuka ba fasfo ɗin?